RA'AYINMU: Rarar Harajinka Haƙƙinka Ce, Ka Bi Sawunta



A taronmu na ƙarshen wata, bayan an kammala batun asusun jana'iza da na gyaran makarantar Islamiyya, wani dattijo daga cikinmu ya nemi izini ya miƙe. Direba ne, ya yi shekaru yana tuƙa motar wani kamfani, kuma kowane wata ana cire masa haraji daga albashi kafin kuɗin su shigo hannunsa. Wata shekara ciwon baya ya sa ya ajiye aiki tun ba a kai tsakiyar shekara ba. Ɗansa da ya yi karatun akanta ya duba takardun albashin, ya ce masa, "Baba, an cire maka fiye da abin da ya kamata, ka je ka nemi a mayar maka." Dattijon ya sa aka rubuta wasiƙa, ya kai ofishin haraji, ya miƙa wa wani ma'aikaci, ya dawo gida ba tare da wata shaida a hannunsa ba. Ya koma sau uku. A zuwa na uku wani ya tambaye shi, "Kai ɗan wace jiha ne?" Da ya faɗa, sai aka ce masa ai can ya kamata ya je ya nema. Tun daga ranar bai sake komawa ba. Ya rufe jawabinsa da tambaya: "Jama'a, tsakani da Allah, akwai wanda ya taɓa jin gwamnati ta mayar wa talaka kuɗi?"

Aka yi dariya. Amma da muka koma gida muka yi tunani, sai muka ga abin ba na dariya ba ne. A cikin wannan ɗan labari akwai kusan duk matsalolin da ke damunmu a nan Kudu: rashin sanin doka, rashin ajiye takarda, tsoron ofishin gwamnati, da kuma yadda kalma ɗaya tak, wato "kai ba ɗan nan ba ne", take sa mu sunkuyar da kai mu bar abin da yake namu. Saboda haka muka ga ya dace mu keɓe shafin ra'ayinmu na wannan fitowa ga wannan magana.

Amsar tambayar dattijonmu ita ce: e, doka ta tanadi a mayar wa mutum rarar harajin da ya biya. Ba alfarma ba ce, ba kuma sai ɗan asalin jiha ba.

Abin da doka ta ce

Harajin kuɗin shiga na mutum ɗaya, ko ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa, jihohi ne ke karɓarsa ta hannun hukumominsu na tattara kuɗin shiga, kamar LIRS a Legas da OGIRS a Ogun. Kaɗan ne ke biya ga hukumar tarayya, irin su sojoji da 'yan sanda. Tsawon shekaru ana aiki da Dokar Harajin Kuɗin Shiga ta 1993, wadda aka yi wa babban gyara a 2011. A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabbin dokokin haraji guda huɗu, kuma manyan biyu daga cikinsu, wato Dokar Haraji ta Nijeriya da Dokar Gudanar da Haraji, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. A cikin wannan sauyi ne hukumar FIRS ta koma NRS.

Tsohuwar doka da sabuwa duk sun yarda da abu ɗaya: wanda ya biya fiye da abin da ke kansa yana da ikon neman a mayar masa. Sai dai akwai sharuɗɗa uku da muke so kowane magidanci ya haddace su kamar yadda ya haddace lambar wayarsa.

Na farko, dole ne buƙatar ta kasance a rubuce. Maganar baka a bakin teburin ma'aikaci ba buƙata ba ce.

Na biyu, dole ne a gabatar da ita cikin shekara 6 bayan ƙarewar shekarar da aka biya harajin. Alal misali, wanda aka cire masa fiye da ƙima a 2021, wa'adinsa yana ƙarewa ne a ƙarshen 2027. In ya wuce haka, ko da takardunsa sun cika buhu, ƙofa ta rufe.

Na uku, hukuma ba ta biya sai ta yi bincike ta tabbatar akwai rarar. Bayan ta yanke shawarar cewa kana bin ta, doka ta ba ta kwana 90 ta biya, ko kuma a lissafa kuɗin a cikin wani harajin da ke kanka. A lura da kyau, kwana 90 ɗin ba daga ranar da ka kai wasiƙa suke farawa ba, daga ranar da hukuma ta yanke shawara ne. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, kuma a nan ne takarda ke kwanciya ta yi barci idan mai ita bai tashe ta ba.

Yadda ake samun rara

Wani zai ce, to ni yaya za a yi in biya fiye da ƙima, alhali injin kwamfuta ne ke lissafi? Kwamfuta abin da aka ba ta shi take lissafawa. Ga hanyoyin da muka fi gani a tsakanin mutanenmu.

Akwai wanda ya bar aiki a tsakiyar shekara, kamar dattijonmu. Harajin albashi, wanda ake kira PAYE, ana lissafa shi ne a kan abin da ake sa ran za ka samu a shekara duka, sai a raba shi gida 12 ana cirewa wata-wata. A ƙarƙashin dokar da ta fara aiki a 2026, N800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, sannan N2,200,000 da ke biye ana cire kashi 15 cikin 100. Mu ɗauki mai albashin N150,000 a wata, wato N1,800,000 a shekara. In aka cire kashi 8 na fansho daga dukkan albashin, N144,000 ke nan, saura N1,656,000. A fitar da N800,000, saura N856,000. Kashi 15 ɗinsu N128,400, wato N10,700 kowane wata. To idan wannan mutum ya yi wata 5 kacal ya bar aiki, kuma bai samu wani kuɗin shiga ba a sauran shekarar, duk abin da ya samu N750,000 ne, bai ma kai N800,000 ba. Ke nan babu haraji a kansa ko kwabo, amma an riga an cire masa N53,500. Wannan kuɗi nasa ne. A gidan da mai gida ke kwance ba lafiya, N53,500 ba abin rainawa ba ne.

Akwai kuma wanda ba a lissafa masa rangwamen da doka ta ba shi ba. Kuɗin fansho, da na asusun gidaje na ƙasa, da na inshorar lafiya, duk ana fitar da su kafin a ɗora haraji. Daga 2026 an ƙara rangwamen haya: kashi 20 cikin 100 na hayar da kake biya a shekara, amma ba zai wuce N500,000 ba. Mutumin da muka yi misali da shi, in yana biyan hayar N400,000, za a rage masa N80,000 daga kuɗin da ake ɗora wa haraji, wanda ke nufin sauƙin N12,000 a shekara. Amma ba za a ba ka ba sai ka bayyana hayar da kake biya. Mu kuwa yawancinmu 'yan haya ne, kuma da yawa muna biyan mai gida hannu da hannu ba rasit. Wannan ɗabi'a yanzu asara ce a fili.

Akwai masu ƙaramin albashi. Tun daga Janairu 2021, bisa Dokar Kuɗi ta 2020, wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, an yafe masa harajin. Mafi ƙarancin albashin ya kasance N30,000 daga 2019, aka mayar da shi N70,000 a Yulin 2024. 'Yan uwanmu masu gadi da masu shara da leburorin masana'antu, kowa ya duba takardar albashinsa ya gani ko ana cire masa abin da doka ta yafe.

Sai 'yan kasuwa. Mai kai albasa ko tumatir ko shinkafa ko nama ga otal ko kamfani ya san cewa sau da yawa kuɗin da ke shigowa asusunsa ba sa cika, an "riƙe" wani abu. Wannan shi ne harajin da ake cirewa tun daga tushe. Ƙa'idojin 2024, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2025, sun sa kashi 2 cikin 100 a kan kayan da ɗan kasuwa ya kai in ba shi ya noma ko ya ƙera su ba, kuma suka ninka kason ga wanda ba shi da lambar haraji. Abin da yawancinmu ba su sani ba shi ne, wannan kuɗi ba tara ba ce, ba kuma kyauta ba ce ga kamfanin. Kafin-alƙalami ne na harajinka. In ka kai kayan N10,000,000 a shekara, an riƙe maka N200,000. In ribarka ta gaskiya a shekarar N1,200,000 ce, kuma ba ka da wata hanyar samu, harajinka a lissafin 2026 shi ne kashi 15 na N400,000, wato N60,000. Saura N140,000 suna wurin gwamnati da sunanka. Amma ba za ka iya nuna haka ba sai kana da rasit ɗin cirewa daga kamfanin, da kuma littafin da ka rubuta saye da sayarwarka.

Daga ƙarshe akwai wanda aka kai harajinsa jihar da ba ita ta cancanta ba. Wannan ya kawo mu ga maganar da aka yi wa dattijonmu.

"Kai ɗan wace jiha ne?"

Muna so mu faɗa da babbar murya: dokar harajin kuɗin shiga ba ta san asalin jiha ba, wurin zama ta sani. Ma'aikacin da yake zaune a Agege ranar 1 ga Janairu, harajinsa na wannan shekara na Legas ne, ko an yanke cibiyarsa a Katsina ko a Gusau. Wanda yake kwana a Mowe ko Ibafo ko Sango-Ota yana shiga Legas aiki, harajinsa na Ogun ne. Wanda ya bar iyali a Kano yana da ɗaki a Ibadan inda yake aiki, wurin da ya fi kusa da wurin aikinsa shi ake ɗauka mazauninsa. Saboda haka jihar da ta karɓi kuɗinka, ita za ta ba ka amsa a kansu. Lokacin da ake cirewa babu wanda ya tambaye ka takardar shaidar ƙaramar hukumarka. Ba daidai ba ne a tuna da ita ranar da ka zo neman rara.

Kundin tsarin mulki na 1999 yana bayanmu a wannan. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a cikin ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa. Haka kuma sashe na 24 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa nauyin bayyana kuɗin shigarsa bisa gaskiya da biyan haraji a kan lokaci. Kundin da ya ɗora mana nauyi shi ne ya ba mu 'yanci, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya.

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. To amma raɓar da ta kwana shekara ɗari ta zama ruwan gari. Unguwar Sabo ta Ibadan an kafa ta tun 1916. Akwai gidaje a cikinmu da kakanninsu suka zo da fataucin goro da shanu kafin a ba ƙasar nan 'yanci a 1960, 'ya'yansu da jikokinsu a nan aka haife su, Yarbanci a bakinsu kamar Hausa. Duk da haka har yau idan muka shiga ofis sai mu riƙa magana ƙasa-ƙasa kamar masu roƙo.

Mun san dalilin wannan tsoro. Iyayenmu sun taso ne a zamanin haraji da jangali, lokacin da mai karɓa ke zuwa da dogari, kuma wanda bai biya ba ya san sauran. A wancan zamani kuɗi hanya ɗaya suke bi, daga talaka zuwa hukuma. Har a 1979 ne gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Wannan tarihi ya bar mana tunanin cewa mai hankali ba ya kai kansa inda ake maganar haraji. Amma zamani ya juya. Yau wanda ba shi da suna a rajistar haraji shi ne ake ninka wa kaso, shi ne kuma ba ya iya neman kwangila ko takardar fili idan aka ce ya kawo shaidar biyan harajin shekara 3.

Yadda za ka bi sawun takardarka

Matambayi ba ya ɓata. Ga abin da muke ba kowane ɗan uwa shawara, mataki bayan mataki.

Ka fara da tabbatar da lambarka ta haraji. Daga 2026 lambar NIN ita ce tushen lambar harajin mutum ɗaya, kuma wasu jihohi, kamar Legas, suna da tasu lambar mai biya. Ka duba ko sunan da ke kan NIN ɗinka da na banki da na takardar albashi duk iri ɗaya ne. Wannan ƙaramin abu ya tsayar da takardun mutanenmu da yawa: a wuri ɗaya Muhammadu, a wani Mohammed, a wani Mamman, nan sunan uba, can sunan gari. Kwamfuta ba ta san cewa duk kai ne ba.

Sannan ka tambayi ofishin albashi na wurin aikinka ko an kai kuɗin da aka cire maka, da kuma jihar da aka kai. Doka ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya kai harajin kowane wata kafin 10 ga wata mai biye, kuma ya miƙa lissafin shekara na ma'aikatansa kafin ƙarshen Janairu. In ba a kai ba, ba rarar haraji ce matsalarka ba, kamfanin ne ya riƙe kuɗin, kuma hukuma tana da ikon bin sa. Sau da yawa kuma, in kuskuren na cikin shekarar da ake ciki ne, ofishin albashi na iya gyara shi a watannin da suka rage ba sai an je ko'ina ba.

Bayan haka ka cike fom ɗin bayyana kuɗin shigarka na shekara, wanda wa'adinsa 31 ga Maris ne. Wanda bai bayyana abin da ya samu ba, ba shi da abin da za a auna harajinsa da shi, balle a ce akwai rara.

Sai ka rubuta wasiƙar neman rarar. Ka faɗi shekarar, da adadin da aka cire, da adadin da kake ganin ya kamata, ka haɗa da kwafin takardun albashi, da takardar barin aiki in akwai, da rasit ɗin haya ko na cirewa daga tushe. Kwafi za ka bayar, na asali su zauna a gida. Ka je da wasiƙar guda biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata a mayar maka. Wannan kwafin mai hatimi shi ne ranka a wannan magana. Da dattijonmu ya karɓi nasa, da yau labarin ya bambanta. In ta intanet ka aika, ka adana lambar da shafin ya ba ka, ka sa a buga maka ita a takarda.

Daga nan sai bibiya. Zuwa da kai ya fi saƙo. Idan ka koma, kada ka tsaya ga tambayar "yaya maganata?" domin amsarta kullum ita ce "ana kan aiki". Ka yi tambayoyi masu kai: Mene ne lambar fayil ɗina? Yana wane sashe yanzu? An fara binciken ko ba a fara ba? Akwai takardar da ta rage in kawo? An yanke shawara, kuma in an yanke, wace rana? Ka rubuta amsar da ranar da aka ba ka ita a ɗan littafi. Inda jiha take da shafin haraji na intanet, kamar Legas, ka sa ɗanka ko 'yarka su shiga da lambarka su duba abin da aka rubuta a kan sunanka. In wata guda ya wuce shiru, ka rubuta wasiƙar tuni, ka ambaci ranar ta farko, ita ma a buga mata hatimi.

Ka sani kuma cewa hukumomin haraji sun fi son su ajiye maka rarar a matsayin biyan harajin gaba maimakon su ba ka tsabar kuɗi. Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke ci gaba da aiki, wannan ba laifi ba ne, muddin an ba shi a rubuce. Amma ga wanda ya yi ritaya ko ya daina samu, ajiyar ba ta da amfani gare shi, sai ya bayyana a wasiƙarsa cewa biya yake nema.

In aka ƙi, ko aka aiko maka da ƙiyasin harajin da ba ka yarda da shi ba, kana da kwana 30 ka rubuta ƙin amincewa tare da dalilanka, kuma sabuwar doka ta ba hukuma kwana 90 ta amsa. In ba ka gamsu ba, akwai Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji. Har ila yau dokokin 2025 sun kafa ofishin mai sauraron koke-koken masu biyan haraji, wanda aikinsa duba ƙorafi a kan yadda jami'ai ke mu'amala da jama'a, irin su jan ƙafa da wulaƙanci. Shi ba ya yanke adadin haraji, amma wanda aka kora da "je ka jiharku" nan ne wurin kai kukansa.

Gargaɗi biyu

Na farko, a yi hattara da 'yan damfara. Saƙon waya da zai ce maka "rarar harajinka ta fito, danna nan ka sa lambar katinka", ƙarya ne. Babu hukumar haraji da ke neman lambar sirrin katinka ko lambar da banki ke turo maka ta waya. In ba ka taɓa rubuta buƙata ba, daga ina rara za ta fito? Kwaɗayi mabuɗin wahala. Haka nan masu tsayuwa a ƙofar ofis suna cewa "kawo wani abu in fito maka da ita yau", a guje su. Neman haƙƙinka ba ya buƙatar cin hanci, kuma duk kuɗin gwamnati a banki ake biyansu a karɓi rasit, ba a hannun mutum ba.

Na biyu ya shafe mu ne kai tsaye, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Neman rara yana jawo bincike. Wanda yake karɓar albashi kuma yana da shago ko motar haya da bai bayyana ba, ya sani lissafi na iya juyawa a kansa. Ba muna faɗin haka don mu tsorata kowa ba ne. Muna faɗa ne domin ba za mu nemi gwamnati ta yi mana adalci ba alhali mu muna ɓoye mata gaskiya. Addininmu ya hore mu da cika mudu, ko ga wa muke aunawa. Wanda ya bayyana gaskiya, shi ne ke shiga ofis da ƙafar dama.

Kiranmu

Ga hukumomin haraji na jihohin da muke zaune, muna roƙon abu uku, kuma babu mai tsada a cikinsu. A manna ƙa'idar neman rara a bangon kowane ofishin haraji cikin harshen da jama'ar wurin ke ji, har da Hausa a unguwannin da muke da yawa. A ba kowane mai buƙata lambar da zai bi sawun takardarsa da ita. A kuma ja kunnen ma'aikata cewa tambayar asalin jiha ba ta da gurbi a wannan aiki. Gwamnatin da ke son a biya ta da daɗin rai, ta nuna ita ma tana mayarwa idan ta karɓi abin da ba nata ba.

Ga sarakunan Hausawa da limamanmu da shugabannin kasuwanni, muna roƙon a sa wannan magana cikin sanarwa bayan sallar Juma'a da kuma tarukan 'yan kasuwa. Maganar da ta fito daga bakinku ta fi shafi goma na wannan takarda tasiri.

Ga iyayenmu mata, ku ne ma'ajiyar gida. Kamar yadda kuke adana katin asibitin yara da takardar haihuwa, ku ware jaka ɗaya ta leda mai kauri don takardun albashi da rasit ɗin haya da na haraji, a ajiye inda ruwan damina ba ya kaiwa. Kada a zubar da ko ɗaya sai ya haura shekara 6. Kuma ku da kuke aikin asibiti ko koyarwa ko kasuwanci, duk abin da muka faɗa ya shafe ku daidai da maza.

Ga matasanmu da Allah Ya ba ilimin zamani, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga taro mai zuwa ƙungiya za ta ajiye tebur a bayan zaure, inda duk mai takardar albashi ko rasit ɗin cirewa zai kawo a duba masa a rubuta masa wasiƙa kyauta. Muna neman masu sa kai, musamman waɗanda suka karanci akanta ko shari'a.

Dattijonmu kuwa, mun duba shekarar da abin ya faru, mun ga wa'adinsa bai ƙare ba. An sake rubuta masa wasiƙa guda biyu, kuma wannan karon mutum biyu daga cikinmu za su raka shi. Ba mu yi masa alkawarin kuɗin za su fito gobe ba, domin sha'anin ofis sai haƙuri. Abin da muka yi masa alkawari shi ne ba zai fito daga wurin ba sai da hatimi a kan takardarsa. Duk abin da ya biyo baya za mu sanar da ku a wannan shafi.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a nemanmu, Ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙin da ke kanmu da neman wanda yake namu. Amin.